Ranar da Na Buɗe Baki a Gaban Lokotoro

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu, wanda ya kwance mini harshe.

Shekarun da Faransawa suka shigo Agadas, ni ke riƙe wa lokotoronsu, wato likitansu, fitila da kwanon wuƙaƙe in zai yi wa mutum aiki. Mu uku ke taya shi: ni, da tafinta, da Sidi wanzami, dattijon gari. An yi mini baftisma tun ina soja a kudu, amma zuciyata tana nan yadda take. Lokotoro nake tsoro fiye da Allah, Sidi kuwa na raina shi, wai me mai ƙaho ya sani?

Wata safiya aka kawo Agali, manomin albasa daga Tabelot. Gungumen rijiya ya faɗo masa a ƙafa, ta kumbura. Lokotoro ya ce a yanke.

Sidi ya jawo ni gefe. "Ɗana, na taɓa yi wa mutumin nan ƙaho. Kwana uku jininsa bai tsaya ba. In an yanka shi, gawa za mu ɗauka. Ka gaya wa Bature."

Na ce, "Baba, bari tafinta ya faɗa masa."

Tafinta ya kau da kai. A ɗakin nan ba a yi wa lokotoro gyara, kowa ya san marinsa.

Har an kawo maganin barci. Ina kallon Agali, shi ma ni yake kallo. Kunya ta kama ni! Na ce a zuci, "Ya Yesu, ran bawan nan yana bakina, ka buɗe shi."

Sai na ji muryata da gurgun Faransancina: "Dakata, lokotoro!"

Na jira mari. Bai zo ba. Na gaya masa abin da Sidi ya ce. Lokotoro ya ajiye wuƙa, ya sa aka kira Sidi, ya yi ta tambayarsa. Aka fasa yanka, muka koma wanke ƙafar da ɗaure ta har wata biyu.

Daga ranar, lokotoro bai ƙara ɗaukar wuƙa ba sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya: "Kai, me ka sani game da majinyacin nan?" Sidi yake fara tambaya. Ni ma na je na roƙi dattijon gafara.

Agali ya koma garkarsa yana ɗingishi, amma da ƙafarsa, da ransa. Na gode wa Ubangiji!

Ƴan'uwa, in ran wani yana bakinku, ku dogara ga Yesu ku faɗa. Ni kaɗan ya rage in riƙe fitila a kashe mutum ina kallo.