Filin da Kafinta Ya Ƙi

A tashar mota wani tsohon kafinta ya zauna kusa da wani malamin makaranta, suna jiran motar sabuwar unguwa.

"A can kake zaune, Malam?"

"Shekara shida ke nan, Baba. Ga kwalta, ga itatuwa, ruwa ba ya yankewa."

"Fadama ce dai. Lokacin da aka yanka filaye, ni aka fara ba wa. Na ce ba zan kai iyalina cikin kwaɗi ba, na bar wa ƙanena. Yau ya kira ni in ga ginin da ya ƙarasa, bayan asibiti, mai shuɗin rufi."

"Ai na san benen. Ƙofofin kaɗai abin kallo ne, an ce daga ƙasar waje aka kawo su."

Kafinta ya dubi hannuwansa. Shekara arba'in yana yi wa mutane ƙofofi, ƙanensa bai nemi ko ɗaya a wurinsa ba.

"Damina biyu za su kumbura," in ji shi.

Mota ta tsaya.

"Baba, taso mu tafi."

"Je ka, ɗana. In ka bi ta gidan, ka ce masa aiki ya riƙe yayansa."