Hawa Ɗaya Kacal

A ofishin ba da izinin gini, wani dattijo da wata malamar makaranta suna zaune a benci suna jiran layi.

"Baba, wai gida hamsin kawai za a bari a gina bana?" in ji malamar. "Shekara uku ke nan filina ya zama makwancin awaki."

"Hamsin ɗin ma sun yi yawa, 'yata. Ai mu muka kai koke aka kafa dokar. Kowa ya kwaso tarkacensa ya taho, famfo ya ƙafe, titi ya cushe. Su koma inda suka fito!"

"Ikon Allah! To, me ya kawo ka?"

"Hawa ɗaya zan ƙara a gidana. Ɗana ya rasa wurin zama, shi da matarsa da yara huɗu sun cika mini falo."

"Au, naka ba gini ba ne?"

"Ƙari ne! Ƙari daban, gini daban."

Malamar ta tuntsire da dariya. "Karanta takardar hannunka, Baba. Har ƙarin kuka sa aka hana."

Dattijon ya lalubo tabaransa, ya karanta, ya ja tsaki.

"Wane marar hankali ne ya rubuta wannan?"