Wake Ya Yi Tsada, Kuɗin Roro Bai Motsa Ba

Assalamu alaikum Malam mai karanta mana wasiƙu, sannu da aiki. Ni ce Hauwa'u, daga wani ƙauye a gefen Tsanyawa.

Shekara uku ke nan mu mata tara muna yi wa wani Alhaji roron wake, kuɗin yini bai taɓa ƙaruwa ba. Da yana sayen kwanon gero har a samu na manja, bana ko kwanon bai kai ba. Ga maigidana a kwance, da roron nan nake ciyar da gida.

Muka haɗa baki, aka tura ni wajensa. Na durƙusa na ce, "Alhaji, a duba mu. Ko a ƙara, ko a biya mu da waken."

Ya ce, "Hauwa'u, wake ne ya yi tsada, ba hannunki ba."

Malam, maganar nan ta ƙona min rai! To wa ya rore waken?

Muka ƙi fita. Washegari ya ɗebo mata a mota daga wani ƙauye, a kan kuɗin da bai ma kai namu ba. Har da ƙanwata Binta a cikinsu. Da na tare ta, sai ta fashe da kuka ta ce, "Yaya, kwana biyu ban ɗora tukunya ba."

Yau kwananmu shida a gida. Masu sauraro, mu koma a yadda yake so, ko mu daure? Malamai kuma su faɗa mana, halal ne a ci riba da yunwar mutum?

Ina gaida Binta. Wallahi ba da ke nake fushi ba.