Bishiyar Mahaifina Ta Kamu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban ƙungiyarmu ta manoman lemo. Malamar gona da abokan aikinta. Dattawanmu da suka riga mu riƙe wuƙar auren bishiya. Dillalai da direbobi masu kwasar kayanmu zuwa kasuwa. Iyayenmu mata masu kasa lemo a tire a bakin asibiti da tasha. 'Yan'uwana manoma, manya da ƙanana: ina gaishe ku gaisuwar girma, ina yi muku sannu da zuwa.

Ina godiya ga Allah da Ya tara mu lafiya. Ina godiya ga kwamiti da ya sake ba ni dama in yi bayani a kan ire-iren lemo da amfaninsa da nomansa don kasuwa. Shekara tara ke nan ina wannan aiki, kuma duk shekara idan na gama sai in kwance buhu in raba muku rassan auren bishiya. Tun daga ƙofa na ga idon wasunku a kan buhun, musamman maƙwabcina Dogo, wanda bai taɓa sauraron jawabina ba sai ƙarshensa. Zan kwance shi. Amma yau, Dogo, ka saurare ni tun daga farko, domin wallahi a tsorace na tsaya a gabanku.

Abu na farko shi ne wanda aka sa ni, kuma ba zan daɗe a kansa ba, don kun fi ni sani. Muna da lemon zaƙi, shi ne ƙashin bayan kasuwarmu. Muna da tanjarin mai sauƙin ɓarewa, wanda yara ba sa bari ya kai gida. Muna da lemon tsami da ba ya rasa mai saye rani da damina, da garehul, ƙaton lemon nan mai ɗaci-ɗaci, wanda ba kowane baki ke sonsa ba. Likitoci sun ce akwai sinadari a cikinsu mai taimakon jiki wajen kare kansa daga cuta, shi ya sa mai zuwa dubiya ba ya rasa ledar lemo a hannu. Da lemo muka yi rufin kwano, da lemo muka sa yara a makaranta, da lemo ake kiranmu mutane a wannan yanki. Na faɗi haka ne don ku auna girman abin da muke gab da rasawa.

Abu na biyu, domin baƙinmu da ba manoma ba. Lemon kasuwa ba daga ƙwallo ake samunsa kai tsaye ba. Sai ka reni dashe mai ƙarfin saiwa, sannan ka yanko ido, wato ɗan gurbin da toho ke fitowa, daga reshen bishiyar da ka yarda da zaƙinta, ka tsaga ɓawon dashen, ka cusa idon, ka ɗaure. Wannan shi muke kira aure. Duk abin da ke jikin uwar bishiya, shi dashen zai ɗauka: zaƙinta, girman 'ya'yanta, da kuma, Allah Ya kiyaye, cutarta.

Kowa a nan ya san bishiyar da ke bayan rijiyar lambuna, wadda muke kira Tsohuwa. Mahaifina ya dasa ta kafin a haife ni. Kuma kowa ya san wasiyyar da ya bar mini, yana zaune a gindinta yana wasa wuƙa, ya ce: "Wanda duk ya roƙe ka reshe, ka ba shi. Ba a sayar da ido, ba a hana ido." Na riƙe wannan magana shekara talatin. Na bai wa na kusa, na bai wa na nesa, na bai wa wanda muke shiri, na bai wa wanda ko gaisawa ba ma yi. Ku ɗaga hannu, don Allah, duk wanda ke da jinin Tsohuwa a lambunsa. Ku duba bayanku. Ku duba yawan hannuwan nan. Da, alfahari nake yi idan na gan su. Yau gabana ke faɗuwa.

Abu na uku shi ne laifina, kuma ba zan ɓoye shi ba.

Shekara uku da suka wuce na ga wani reshe guda na Tsohuwa ya yi ɗorawa-ɗorawa, ganyen ya yi dabbare-dabbare. Na ce yunwa ce, na zuba taki. Shekarar da ta biyo baya 'ya'yan wannan ɓangare suka fito ƙanana, a karkace, gindinsu kore ko sun nuna, ga ɗaci. Na ce tsufa ne. Na sare reshen, na ci gaba da raba ido daga sauran rassan da suke kore shar.

Bara malamar gona, ga ta nan zaune, ta zo ta juya ganyen Tsohuwa a hannunta. Sannan ta ce: "Baba, kada ka ƙara bai wa kowa reshe sai an gwada ganyen nan." Na yi mata dariya. Na ce: "'Yata, ina aure bishiya tun ba a yaye ki ba." Ta ce: "Na sani, Baba. Shi ya sa nake jin tsoro."

Bayan kwana biyar ƙanwata ta zo. Mijinta ya rasu, ta sayar da shanunta biyu ta reni dashe ɗari uku don ta riƙe marayunta. Ta ce: "Yaya, ka bai wa duniya, ni za ka hana?" Kunya ta kama ni. Da hannuna na yanko ido daga Tsohuwa, da hannuna na aura mata su ɗaya bayan ɗaya, har ina yabon kaina cewa ko guda bai mutu ba.

Sai bana na bari malamar gona ta ɗebi ganyen, kuma ranar Litinin ɗin nan sakamakon gwaji ya dawo. Tsohuwa ta kamu. Cuta ce da ba ta da magani: ba taki, ba feshi, ba yankan reshe da ke fitar da ita idan ta shiga. Tana bin ido idan an yi aure, tana kuma bin wani ɗan ƙwaro da bai kai ƙwayar shinkafa ba, mai tsotsar sabon toho yana tashi daga bishiya zuwa bishiya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bishiya na iya ɗauke da ita shekaru tana kore, tana 'ya'ya, kana shayar da ita, tana shafa wa maƙwabtanta. Ban san ranar da ta shiga Tsohuwa ba. Saboda haka ban san lambu nawa na kai wa ita da hannuna ba.

Abu na huɗu roƙo ne. Ina roƙonku, daga yau kada reshe ya ƙara fita daga wani lambu zuwa wani, ko da uwarka ce ta tambaya. Ina roƙonku ku buɗe wa malaman gona ƙofa su ɗebi ganye. Ina roƙonku mu yi feshin ƙwaron nan rana ɗaya gaba ɗayanmu, don kada ya gudu daga nawa ya fake a naka. Kuma ina roƙonku abin da ya fi kowanne zafi: bishiyar da aka tabbatar ta kamu, a sare ta, a tone kututturen.

Ba cutar kaɗai nake tsoro ba, jama'a. Ina tsoron mutum guda a cikinmu wanda zai dubi bishiyarsa cike da 'ya'ya ya ce: "Bari in ci kakar bana tukuna." Na san wannan mutumin sarai, domin ni ne shi shekara uku. Bishiya guda da aka ɓoye a bayan shinge ta isa ta mai da duk saran da sauranmu suka yi aikin banza.

Ba zan sa ku abin da ban yi ba. Yau da hantsi na sare Tsohuwa. Na ɗaga gatari sau uku ina saukewa. Ƙanwata ce ta karɓa ta yi saran farko, ta miƙo mini ta ce: "Ƙarasa, Yaya. Gobe kuma ka zo mu ji abin da za a ce a kan nawa." Ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni.

Yanzu ga buhun, na kwance. Babu reshe a ciki. Jajayen tsummoki ne, matata da 'ya'yana suka yayyanka. Duk wanda ya taɓa karɓar ido daga hannuna, ya zo ya ɗiba, ya ɗaura ɗaya a kan kowace bishiya da ta fito daga Tsohuwa, don masu gwaji su san inda za su fara. Mun yanka dubu biyu, kuma da na ga hannuwanku ɗazu na san ba za su isa ba.

Allah Ya tsare mana abin da ya rage. Allah Ya sa mun farga da sauran lokaci. Allah Ya ba wanda zai yi sara ƙarfin zuciya, Ya mayar masa da mafi alheri, Ya rufa wa marayu asiri. Allah Ya jiƙan mahaifina, wanda ya koya mini bayarwa da kyakkyawar niyya. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya. Ni kuma ku yafe mini, idan za ku iya.

Dogo, kai ka saba zuwa farko. Taso.

Na gode.