Numfashin Yohanna Ranar Layya

'Yan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu mai rai. Ni ce Saratu, matar Malam Yohanna. Mu mutanen Dogondutse ne a Nijar, muka ƙetaro Najeriya aikin sa-kai a wata 'yar ikilisiya da ke bayan gari, kusa da Dandin Mahe. Ni ina koya wa mata karatu, shi yana gyaran benci da rufin kwano.

Maigidana yana da asma. Abin shaƙarsa ya kusa ƙarewa, muka ce jajibirin Babbar Sallah za mu je Bodinga mu sayo. To mu baƙi, lissafin gida muka bi. 'Yan'uwa suka ce mana a waya Sallah sai Lahadi, ashe nan an riga can ganin wata. Asabar muka fito titi, ko keke babu. Kowa ya tafi Idi.

Muka koma muka dama fura, muka zauna gindin dogonyaro. Shiru mai daɗi, har Yohanna yana rera waƙa.

Muna kuwa da baƙo, wani mai wa'azi daga birni wanda ya naɗa wa kansa sunan annabi. Ga ƙatuwar mota, ga takalmi mai tsini, ga turare kamar an fasa shago. Tun zuwansa, kajina dai yake yi wa hidima.

Da azahar hayaƙin babbakar kawunan raguna ya taso daga gari. Ƙirjin Yohanna ya toshe. Ya matsa abin shaƙa, wayam. Leɓɓansa suka fara canza kala.

Na ruga wurin baƙon, na durƙusa, na ce ya taimaka ya kai mu kemis a garin Shagari da ya fi kusa. Ko cinyar kazar bai ajiye ba.

"Mai bangaskiya ba ya neman kemis," in ji shi. "Kuma ni yau hutu nake."

Ya miƙo mini wani farin hankici, wai in shafa masa a ƙirji. Tir! Mutum yana mutuwa a ƙofarka, kai kana tsotsar ƙashi. Na raina shi, har yau ban fasa ba.

Na rungume mijina a ƙasa na ce, "Yesu, ba ka kawo mu ƙasar mutane don in koma gida ni kaɗai ba."

Ban rufe baki ba sai ga ƙarar babur. Alhaji Buba ne, maƙwabcinmu manomin albasa, ya kawo mana soyayyar hanta. Ya dube mu, ya dire kwanon, ya naɗe babbar rigarsa ta Sallah. Muka sa Yohanna a tsakiya. A Shagari ya bi mai kemis har cikin gida, ya taso shi daga kan fiɗar rago, ya sayo sabon abin shaƙa. Shaƙa biyu, numfashi ya dawo. Halleluya!

Washegari annabin ya hau mumbari, ba kunya, wai hankicinsa ne ya yi aikin. Na bar shi ya gama haushinsa.

Na gode wa Ubangiji, ya san inda zai aiko da taimako. Ku dogara gare shi, kada ƙyallin mota ya ruɗe ku. Ga Yohanna nan zaune, yana numfashi. Hankicin kuwa yana nan, da shi nake sauke tukunya. Amin.