A Daina Yi wa Salifu Ƙaho

Salamu alaikum Malam, sannu da aiki. Ni ce Ayishetu mai koko daga Zogbeli, Tamale.

Da amosanin jini aka haifi ƙanena Salifu. Bayan bikin 'yancin kai, kwiɓinsa ya kama ciwo. Mahaifiyarmu ta ce saifa ce, ta sa wanzami yana yi masa ƙaho, har Salifu ya faɗi a kasuwa. Likita ya ce tsiro ne a saman ƙodarsa, ba mai kisa ba. Ƙahon ne ke ƙarar da ɗan jininsa.

Na san ƙauna ce ta sa ta. Ba ta jin tawa, amma ba ta musu da akwatin rediyo. Malam, don Allah faɗa mata da bakinka a shirinka na rediyo, a daina ƙahon nan. Jibi wanzamin zai dawo.