Tsintsiyar Baba da Ɓawon Dankali

"Ashe ke ce mai binne min shara a gindin bishiyar lemo!"

A bencin ofishin mai kula da gidajen bene ake wannan, tsakanin wani dattijo mai tsintsiya a hammata da wata malamar asibiti, sabuwar tarewa a hawa na huɗu. Kowa ƙara ya kawo, ashe da wanda zai kai ƙarar yake zaune.

"Ba shara ba ce, Baba, ɓawon dankali ne da ganyen shayi. Ashe kai ne mai share ƙasar nan kullum har ta koma kamar siminti? Ganyen da ke zuba abincinta ne, kai kuwa sai ka kwashe."

"Shekara shida ina share wurin nan! Marigayiya matata ce ta dasa ta, ba ta son ƙazanta ko kaɗan."

Malamar ta sassauta murya. "Allah ya ji ƙanta. To, ran Asabar za su sare ta, wai ta bushe. Ka duba ɓangaren da nake binnewa? Toho bakwai na ƙirga jiya. Har tsutsotsin tana sun dawo cikin ƙasar."

"Bakwai?" in ji dattijon. "Ƙarya kike, yarinya!"

"Je ka ƙirga da kanka."

Ya miƙe fuu. Har ya kai ƙofa, sai ya juyo yana harararta. "Ɓawon ayaba fa, yana yi?"

"Sosai ma, Baba."

Tsintsiya dai, baiwar Allah, a benci ya bar ta. Ya fice ya banko ƙofa garam!